A bar wa yaro mai buƙata ta musamman wasansa

Da zarar likita ya tabbatar wa iyaye cewa ɗansu yana da wata lalura da za ta shafi koyonsa, ko ta ji ce, ko ta gani, ko galahanga wato otizim, ko raunin ƙwaƙwalwa mai hana gaɓoɓi aiki yadda ya kamata, abin da yake fara ɓacewa daga rayuwar yaron shi ne wasa. Ba wanda yake zama ya yanke shawarar a hana shi, a hankali abin yake zamewa. Wasu iyayen tsoro ne yake kama su: kada ya faɗi, kada a ture shi, kada sauran yara su yi masa dariya. Sai a zaunar da shi wuri guda a miƙa masa waya. Wasu kuma himma ce take cin su. Yau asibiti, gobe wurin gashi, jibi wurin mai koyar da magana, in an dawo gida kuma a ɗauko katuttuka a tsare shi da tambaya: "Wannan wane launi ne? Nuna min ja. A'a, ja na ce." Yaro na farko tausayi ne ya raba shi da wasa, na biyu kuwa gaggawar son ya kamo sa'o'insa. Duka biyun ƙauna ce ta jawo, kuma duka biyun asara ce babba.

Abin da nake gani shi ne, yaron da lalura ta tare wa wata hanya ta koyo ya fi kowa buƙatar wasa, kuma aikin babban da ke tare da shi bai wuce abu biyu ba: ya gano abin da ya shiga tsakanin yaron da wasa ya kawar da shi, sannan ya sauko ƙasa ya bi yaron inda ya nufa. Kayan wasa suna da nasu amfanin, amma su ne na uku a layi. Yaron ne na farko, abokin wasansa na biyu. Kuma maganar ba ta 'yan tsiraru ba ce. Rahoton da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 240 ne ke rayuwa da wata naƙasa, wato kusan ɗaya cikin kowane goma.

Mu fara da abin da wasa yake yi. Dubi jariri ɗan wata tara da ya gano daɗin jefar da cokali. Ya saki, ya ji ƙara, ya leƙa ƙasa, ya dubi uwarsa, ta ɗauko ta miƙa masa, ya sake saki yana dariya. Uwar tana ganin fitina, shi kuwa yana kan aiki. Yana koyon buɗe yatsunsa a lokacin da ya so. Yana gane cewa abin da ya ɓace wa ido bai bar duniya ba. Yana fahimtar cewa in ya yi wani abu, wani abu zai biyo baya. Sannan yana koyon mafi girman darasi, wato karɓa-karɓa: ni in yi, ke ki yi, in sake yi. A kan wannan karɓa-karɓar ake gina hira tun kafin a sami kalmomin da za a zuba a ciki. Ba wanda ya sa shi, ba wanda zai ba shi maki, amma zai maimaita har sai hannun uwar ya gaji.

Wannan maimaicin shi ne ƙashin bayan hujjata. Ƙwaƙwalwa da maimaici take ɗaure hanyoyinta, kuma yaron da ke da lalura yakan buƙaci maimaita abu fiye da sauran yara nesa ba kusa ba kafin ya zauna masa. To, ina za a samo wannan yawan? Likitan gashi ko mai koyar da magana, in ma an same shi, sa'a ɗaya ko biyu yake ganin yaro a mako. Sauran lokacin fa? Ba umarnin da zai sa ɗan shekara uku ya buɗe hannunsa ya rufe sau ɗari. Ka ɗauki yaron da raunin ƙwaƙwalwa ya taɓa ɓarin jikinsa ɗaya, yana riƙe da hannun dama a dunƙule kamar ba nasa ba. In ka ce masa "miƙo hannun nan", sau biyar ya isa ya fashe da kuka. Amma ka ba shi ƙwallo babba wadda ba ta riƙuwa da hannu ɗaya, ko gwangwani mai murfi da aka jefa wani abu mai ƙara a ciki, wanda dole hannu ɗaya ya tallafe kafin ɗayan ya murɗa. Hannun da aka yi ta roƙo zai fito da kansa, domin yanzu yaron ne yake da buƙatarsa. Ƙwararrun masu gashin yara sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa ɗakin aikinsu ya fi kama da ɗakin wasa.

Abin mamaki, da yawa daga cikin kayan koyarwar da ake alfahari da su a makarantun yara ƙanana a yau, daga wurin irin waɗannan yaran suka samo asali. A ƙarni na 19 wani likita Bafaranshe, Édouard Séguin, ya yi aiki da yara masu raunin fahimta waɗanda zamaninsa ya fid da rai da su. Ya ƙera musu alluna masu ramuka, mai zagaye, mai kusurwa uku, mai kusurwa huɗu, yaro ya nemi inda kowane yanki zai shiga. Maria Montessori, likita 'yar Italiya, ta karanci ayyukansa ta ɗora a kai lokacin da take jagorantar wata makaranta ta irin waɗannan yara a birnin Rum wajen 1900. Wasu daga cikin yaranta suka zauna jarrabawar gwamnati tare da sauran yara suka ci. Sai daga baya, a 1907, ta buɗe gidan yaranta na farko a unguwar San Lorenzo ta gwada kayan a kan yaran da ba su da wata lalura. Hikimar da ke cikin allon Séguin ita ce, allon ne yake gaya wa yaro ya yi kuskure. In yankin bai shiga ba, bai shiga ba. Ba sai wani babba ya tsaya a kansa yana cewa "a'a" ba. Yaron da ya sha jin "a'a" tun safe, wannan ba ƙaramar rahama ba ce gare shi.

Kawar da shinge kuwa ya danganta da irin lalurar, kuma a nan ne ake buƙatar lura fiye da kuɗi. Jariri mai gani yakan fara miƙa hannu ga abin da ya hanga tun yana wata huɗu zuwa biyar. Selma Fraiberg, wadda ta yi shekaru tana bibiyar jariran da aka haifa makafi a Amurka, ta lura cewa su ba sa miƙa hannu ga abin da suka ji ƙararsa kawai sai wajen ƙarshen shekararsu ta farko. Dalili a fili yake in ka yi tunani: ƙara ita kaɗai ba ta gaya wa jariri cewa akwai wani abu can da za a iya kamawa. In kuma babu abin da za a je a kama, me zai sa a yi rarrafe? Ga shi duk abin da ya suɓuce daga hannunsa ya tafi ke nan, sai wani ya ga dama ya dawo masa da shi. Wata malama 'yar ƙasar Denmak, Lilli Nielsen, ta yi maganin wannan da wani ɗan akwati da ake kwantar da yaro a ciki, an rataya abubuwa iri-iri a sama da gefe da igiyar roba: makullai, buroshi, cokula, kofi. Duk inda ya motsa hannu ko ƙafa zai taɓa wani abu, abin ya yi ƙara, in ya ja ya saki kuma ya koma daidai inda yake. A haka yaron yake gane cewa duniya tana da tsari, kuma shi ma yana iya sa abu ya faru. Nielsen ta kuma yi ta gargaɗi a kan ɗabi'ar kama hannun yaro makaho a ɗora masa a kan abu da ƙarfi. Hannun nan shi ne idonsa. Yaron da aka saba fizgar hannunsa yakan koyi janye shi ya ɓoye.

Shi kuma yaron da ba ya iya zama da kansa, matsalarsa sau da yawa ba ta rashin kayan wasa ba ce. Hannayensa biyu ne suke can suna tokare da ƙasa don kada ya kife, babu wanda ya rage na wasa. Ka sama masa mazauni mai tallafe baya da gefe, da ɗan tebur a gabansa, sai ka ga hannaye sun sami 'yanci. A Zimbabuwe an ɓullo da dabarar yin irin waɗannan kujeru da kwali da takarda da manne, kuma ta bazu zuwa ƙasashe da dama. A Jami'ar Delaware ta Amurka kuwa, Cole Galloway da abokan aikinsa sun ɗauki motocin wasan nan masu batir da yara ke shiga su tuƙa, suka cire abin takawa suka sa babban maɓalli wanda za a iya dannawa da tafin hannu ko da kai, suka kewaye mazaunin da bututun roba da soso. Abin da ya fi burge ni a wannan shiri shi ne abin da yaron yake yi da motar: yana zuwa inda ba a aike shi ba. Yana bin wasu yara, yana karo da bango, yana guje wa uwarsa tana kira. Yaron da kullum ɗaukarsa ake yi a ajiye bai taɓa samun damar yin ƙiriniya ba, alhali ƙiriniya ma makaranta ce.

Inda aka fi samun saɓani shi ne galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Wasa yana cikin alamominta na farko. Gwajin da Simon Baron-Cohen da abokan aikinsa suka fitar a Ingila a 1992 don yara 'yan wata 18 ya dogara ne a kan abubuwa irin su: shin yaron yana nuna abu da yatsa don kawai ka gani tare da shi? Shin yana wasan kwaikwayo, ya ɗauki kofin da ba komai a ciki ya yi kamar yana sha? Saboda haka da yawa daga manya suka ɗauka aikinsu shi ne su gyara wasan. Yaro ya jera motocinsa a layi ɗaya tsaf, ko ya kifar da mota yana juya tayarta yana kallo, sai a fizge a ce, "Ba haka ake yi ba, tura ta za ka yi." Me aka koya masa? An koya masa cewa in mutum ya matso, abin da kake jin daɗinsa zai tafi. Gobe in ya ga ka nufo shi sai ya juya maka baya, kuma yana da gaskiya.

Ga wata hanyar. Ka zauna a ƙasa, fuskarka daidai da tasa. Kada ka yi tambaya. Ɗauki wata motar ka juya tayarta kai ma. Ko ka miƙa masa ta gaba da zai sa a layin, ya karɓa, ka miƙa wata, ya karɓa. Bayan ta huɗu sai ka riƙe ta biyar kusa da fuskarka ka yi shiru. Jiran nan shi ne aikin, kuma shi ya fi yi wa manya wuya, domin daƙiƙa goma ta shiru tana yi mana tsawo. Wataƙila ya ɗago ya dube ka, wataƙila ya ja hannunka, wataƙila ya yi wani ɗan sauti. Ko wanne ya yi, magana ce ya yi maka. Ka ce "mota", ka ba shi nan take. Kalma ɗaya ta isa. Ka shiga duniyarsa ba tare da ka rushe ta ba, shi kuma ya gano cewa mutum yana da amfani a cikin wasa.

Wannan ba zato ba ne kawai. Wani bincike da Jonathan Green na Jami'ar Manchester ya jagoranta ya haɗa yara 152 masu galahanga, daga 'yan shekara biyu zuwa huɗu. Ba a yi wa yaran komai kai tsaye ba. Wasu daga cikin iyayen aka riƙa ɗauka a bidiyo suna wasa da 'ya'yansu, sannan su zauna da ƙwararre su kalla tare, ana nuna musu wuraren da yaron ya yi yunƙurin sadarwa suka wuce ba su lura ba. Sakamakon farko da aka buga a 2010 bai nuna wani babban sauyi a alamomin lalurar ba, ko da yake mu'amala tsakanin iyaye da yara ta inganta sosai. Amma da aka sake duba yaran bayan kusan shekara shida, rahoton 2016 ya nuna cewa tsananin alamomin ya ragu a wurin waɗanda iyayensu suka sami horon idan an kwatanta da sauran. Ba warkewa ba ce, masu binciken ma ba su ce haka ba. Amma a lura: ba a sayi wani sabon abin wasa ba. Idon uwa da uba aka gyara.

Ga yaran da suka ɗan girma, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel LeGoff, ya lura da yadda yara biyu masu galahanga da ba sa kula kowa suka ɓarke da hira a ɗakin jiran asibitinsa saboda tubalan wasa na LEGO da suka zo da su. Daga nan ya tsara wasan rukuni, ya wallafa bayaninsa a 2004. Yara uku ne, kowa da aikinsa: ɗaya yana riƙe da zanen abin da za a gina yana bayani, ɗaya yana nemo tubalin da aka ambata, ɗaya yana ginawa, sannan a yi musanya. Ba mai iya gamawa shi kaɗai, don haka dole a yi magana, a saurara, a yi haƙuri da juna. Ba tubalan ne sirrin ba. Kowane irin abu da yaran suke so da gaske zai iya zama dalilin haɗuwa.

A kan abin da yara ke iya yi wa junansu in an bar su, ban san misalin da ya kai na Nikaraguwa ba. A ƙarshen shekarun 1970 aka fara tara yara kurame a makaranta a birnin Managuwa. A aji, malamai suna ta fama da koya musu karanta leɓe da furta Sifaniyanci, abin bai yi wani nisa ba. Amma a filin wasa da cikin motar makaranta, yaran suka riƙa haɗa 'yan alamun hannun da kowa ya zo da su daga gida, ƙananan da suka biyo baya suka ɗora suka tsara, har abin ya zama cikakken harshe mai nahawunsa, wanda masana harshe suka yi ta zuwa nazari tun daga shekarun 1980. Darasin da aka tsara ya gaza, lokacin hutun da ba wanda ya damu da shi ya haifi harshe. In aka tuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na yara kurame iyaye masu ji ne suke haifarsu, za a gane cewa babbar kyautar da za a yi wa irin wannan yaro ita ce a haɗa shi da masu maganar hannu tun yana ƙarami, kuma 'yan gidansu su koya.

Yanzu sai kasuwa. Iyayen yaro mai buƙata ta musamman mutane ne da ke cikin damuwa, kuma mai damuwa ba ya wuyar sayar wa kaya. Ko'ina ka duba a intanet za ka ga abin wasa an liƙa masa "na bunƙasa ƙwaƙwalwa" ko "na masu galahanga". A 2017 duniya ta rikice da ɗan abin juyawan nan da ake riƙewa tsakanin yatsu, ana tallarsa a matsayin maganin rashin natsuwa. Da aka gwada shi a aji a kan yara masu lalurar kasa tattara hankali, sai aka ga ƙara ɗauke musu hankali yake yi. Wani bincike da Anna Sosa ta yi a Amurka, aka buga a 2016, ya naɗi muryoyin iyaye 26 suna wasa da jariransu 'yan wata 10 zuwa 16. In abin wasan mai batir ne, mai waƙa da magana da walƙiya, iyayen sukan rage magana, karɓa-karɓar ma ta ragu, idan an kwatanta da lokacin da suke wasa da tubala ko littafi. Na'urar ta karɓe bakin uwa. Wani kuma a Jami'ar Toledo a 2018 ya ba yara 36 kayan wasa huɗu a wani zama, goma sha shida a wani zaman. Da huɗun sun fi daɗewa a kan kowane ɗaya, sun kuma fi ƙirƙiro hanyoyin wasa da shi. Waɗannan bincike ƙanana ne, kuma biyun ƙarshe a kan yaran da ba su da lalura aka yi su. Amma in tarin kaya yana raba hankalin yaron da ba shi da matsalar natsuwa, ina ga wanda ƙara da haske suke yi wa yawa tun asali?

Ma'aunina mai sauƙi ne: wa yake yin aikin, yaron ko abin wasan? Kwalin da ba komai a ciki yau mota ne, gobe gida, jibi wurin ɓuya. Tsumma, murafe, ruwa a roba, yashi, kumfar sabulu da ake hurawa, ƙwallon da aka sa wa ƙararrawa a ciki don wanda ba ya gani, duk suna jiran yaron ne ya ba su ma'ana. A Kingston ta Jamaika, a tsakiyar shekarun 1980, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar da su. Wasu daga cikinsu ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa ziyarta mako-mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda ake wasa da yaro da kayan da aka haɗa da hannu daga tarkacen gida. Bayan shekara ashirin aka bi sawunsu, rahoton da ya fito a 2014 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya fi na takwarorinsu da kusan kashi 25 cikin ɗari. Su ba naƙasa gare su ba, amma yara ne da girmansu ya sami tangarɗa tun farko, kuma robobi da tsummoki ne suka yi wannan aikin, tare da uwar da aka nuna wa hanya.

Ban ce a jefar da duk wata na'ura ba. Maɓallin da ke ba yaron da ba ya iya riƙe komai damar kunna abin wasa da kansa alheri ne. Kwamfutar hannu da yaron da ba ya magana yake danna hoto ta furta masa abin da yake so, ita bakinsa ce, bai kamata a haɗa ta da wayar da ake miƙa wa yaro don ya yi shiru ba. Tubalan LEGO masu ɗigon rubutun makafi da aka fara rabawa a 2020 ma dabara ce mai kyau, musamman da yake an buga harafin a jikin kowane tubali, mai gani da marar gani za su iya wasa tare.

Akwai masu cewa duk wannan daɗin baki ne, yaron da ke baya ba shi da lokacin ɓatawa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Suna da rabin gaskiya. Shekarun farko suna da tsada, kuma wasa ba ya maye gurbin na'urar ji, ko tabarau, ko maganin farfaɗiya, ko ganin ƙwararre da wuri. Akwai kuma yaran da in an bar su kurum ba za su fara wasa da kansu ba, sai an nuna musu mataki-mataki. Bin yaro ba ya nufin a naɗe hannu. Inda na rabu da su shi ne zaton cewa koyo sai a kan kujera, da tambaya da amsa. Yaron da aka horar ya faɗi sunan launi goma amma ba ya iya zuwa wurin wani yaro ya ce "mu yi wasa", an ba shi abin nuna wa baƙi ne, ba a ba shi abin rayuwa ba. Haka kuma da zarar kowane wasa ya zama jarrabawa a ɓoye, yaro yana ganewa, kuma yana gudu. Wani lokaci juya tayar nan ba ta da wata manufa illa ta kwantar masa da hankali bayan yini mai hayaniya, kuma manya masu galahanga da dama sun faɗi haka da bakinsu. In ba ya cutar da kansa ko wani, a ƙyale shi.

Sai dai kada wannan magana ta zama wani sabon kaya a kan uwa. Ita ce ba ta barci, ita ce mai ɗauka da saukewa, sannan a zo a ce mata ba ta wasa da shi yadda ya kamata. Minti goma na wasa da zuciya ɗaya ya fi sa'a guda ta dole, kuma ba ita kaɗai ke da gwiwar durƙusawa ba. Uba yana nan, yayye da ƙanne suna nan, su da sau da yawa suka fi kowa iya jawo yaron cikin wasa, don ba sa kallonsa a matsayin majinyaci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin horar da masu kula da yara 'yan shekara biyu zuwa tara da ke da jinkirin girma, an gina shi a kan wasa da ayyukan gida na yau da kullum, kuma an tsara shi yadda waɗanda ba likitoci ba za su iya koyar da shi. Irin wannan ne ya kamata hukumomi su yaɗa.

Abu ɗaya na kiyayewa: shekarun da ake rubutawa a jikin kwalin abin wasa ba su san ɗanka ba. Ɗan shekara bakwai da har yanzu yake kai komai baki, dokar 'yan ƙasa da shekara uku ce ta hau kansa: banda ƙananan abubuwan da za su shaƙe shi. A yi nesa da shi musamman daga ƙananan batura masu kama da maɓallin riga, waɗanda ke iya ƙona maƙogwaro cikin sa'o'i kaɗan, da ƙananan maganaɗisu, waɗanda in an haɗiye biyu suke manne wa juna ta cikin hanji.

A takarda dai an gama magana tun tuni. Sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989 ya ce wasa haƙƙi ne, sashe na 30 na Yarjejeniyar Haƙƙin Masu Naƙasa ta 2006 ya ce yara masu naƙasa su sami dama daidai da ta sauran, har a cikin makaranta. A 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 11 ga Yuni a matsayin ranar wasa ta duniya. A aikace kuwa abin yana tuna min da 'yar tsanar nan mai keken guragu, Becky, da kamfanin Mattel ya fitar a 1997, aka yi ta yabo, sai yara suka gano cewa kekenta ba ya shiga na'urar hawa bene ta gidan wasan 'yar tsana Barbie. Haka makarantu da yawa suke: an karɓi yaron, an rubuta sunansa, amma filin wasan yashi ne mai zurfi da keke ba ya ratsawa, lilon ba shi da majingina, lokacin hutu kuma shi ne lokacin da ake tsare shi a aji ya ƙarasa aikin da bai gama ba, ko a ja shi wani ɗaki don ƙarin darasi. In ma ya fita, akwai babba manne da shi, wanda kasancewarsa kaɗai ta isa ta kori sauran yara.

Abubuwan da zan nema daga makarantu da hukumomi ba masu tsada ba ne. A haramta hana yaro fita hutu a matsayin horo ko don cike giɓin darasi. A koya wa mataimakan aji yadda za su haɗa wasa tsakanin yara sannan su ja da baya. A sa wasa cikin horon malamai da ma'aikatan lafiya na matakin farko, su da suke fara ganin yaron. Sannan a buɗe ɗakunan aron kayan wasa a jikin asibitoci da makarantu, irin wanda wasu mata biyu suka fara a Stockholm ta ƙasar Suwidin a 1963 domin yara masu naƙasa. Iyali su zo da yaronsu, wani da ya san aikin ya zauna a ƙasa ya yi wasa da shi a gabansu, su ari abin da ya dace da matakin da yake, in ya wuce shi su dawo da shi su ɗauki na gaba, wani yaron kuma ya amfana da wanda suka mayar.